Qin Shi Huang: yadda gidansa ya rushe cikin shekara 15, tsarinsa kuwa ya haura shekara 2,000

Tambaya: Malam, na ga hotunan sojojin yumɓun nan da aka tono a ƙasar Sin, aka ce na sarkin sarakunansu na farko ne, Qin Shi Huang. Wasu na cewa shi ya haɗa kan ƙasar, kuma tsarin da ya kafa ya yi shekara 2,000 ana bi. Wasu kuma na cewa azzalumi ne da ya ƙone littattafai ya binne malamai, shi ya sa daularsa ba ta wuce shekara 15 ba. Ta yaya maganganun nan biyu za su zama gaskiya a lokaci guda?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Abin da ya rushe shi ne sarautar gidansa. Abin da ya saura shi ne hanyar tafiyar da ƙasa: lardi da gunduma, ma'aikaci mai albashi, rajistar gidaje, rubutu ɗaya, ma'auni ɗaya. Waɗanda suka kayar da gidan nasa sun la'ance shi da baki, amma da suka hau sai suka ci gaba da aiki da takardunsa. Kafin mu shiga, ka riƙe abu biyu. Sunan Qin ana furta shi kamar "Cin". Shekarun da zan ambata na zamaninsa da na daular da ta gaje shi kuma duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, don haka lissafin yana raguwa ne: 221 ta zo bayan 230.

Mutane da yawa na ɗauka shi ya ƙago tsarin daga kansa. Ba haka ba ne, gado ya tarar. Fiye da shekara 100 kafin ya ci ƙasar, Qin wata masarauta ce a can yamma, a kwarin kogin Wei, wadda sauran masarautu ke yi wa kallon ƙauyanci. Daga shekarar 356 sarkinta Xiao ya miƙa wa wani baƙo daga gabas, Shang Yang, wuƙa da nama. Shang Yang ya ce daga yau daraja ba ta gado ba ce. Wanda ya kawo kan abokin gaba daga fagen fama a ƙara masa muƙami, a ba shi gona da filin gida. Ɗan sarautar da bai taɓuka komai a yaƙi ba a cire sunansa daga littafin dangin sarki. Ya ɗaure gidaje biyar-biyar da goma-goma, idan ɗaya ya yi laifi sauran ba su kai rahoto ba, hukunci ya hau kansu duka. Gidan da ke da 'ya'ya maza biyu baligai ba su raba tukunya ba, harajinsa ya ninka, saboda gwamnati ta fi son ƙananan gidaje masu sauƙin ƙirgawa. A 350 aka mai da fada Xianyang, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma ƙarƙashin ma'aikatan da sarki ke naɗawa.

Ƙarshen Shang Yang bai yi kyau ba. Ya taɓa hukunta malaman yarima mai jiran gado, don haka da yariman ya hau a 338 sai aka shiga farautarsa. Ana ba da labarin cewa a hanyar gudu ya nemi kwana a wani masauki, mai masaukin ya ce dokar Shang Yang ta hana saukar da wanda ba shi da takardar shaida. An kashe shi, aka yayyaga gawarsa da kekunan doki. Dokokinsa kuwa sabon sarkin bai taɓa ko ɗaya ba.

Shi kansa Ying Zheng, wanda daga baya zai zama Qin Shi Huang, an haife shi a 259 a Handan, babban birnin masarautar Zhao, inda mahaifinsa ke zaune a matsayin jingina tsakanin masarautun biyu. Wani attajiri, Lu Buwei, ya zuba dukiyarsa har uban ya samu sarauta, uban bai daɗe ba ya rasu, yaron ya hau yana ɗan shekara 13. Sai a 238 ya karɓi mulki a hannunsa, ya murƙushe tawayen Lao Ai, saurayin mahaifiyarsa, ya tuɓe Lu Buwei daga kujerar waziri a shekara ta gaba. Mutumin da ya zama na hannun damarsa shi ne Li Si, shi ma baƙo ne daga masarautar Chu. Ka lura da wannan: Qin ta yi ƙarfi ne da kwashe gwanayen wasu ƙasashe. Har injiniyan da masarautar Han ta turo, Zheng Guo, don ya sa Qin ta ƙarar da dukiyarta wajen haƙa hanyar ruwa, da asirinsa ya tonu an bar shi ya gama aikin, kuma noman ranin da aka samu ya cika rumbunan da suka ciyar da mayaƙan da suka je suka ci Han ɗin.

Cin masarautu shida ya ɗauki shekara 10 kacal. Han ta faɗi a 230, Zhao a 228, Wei a 225 bayan an karkato ruwan kogi an malale birninta Daliang, Chu a 223, Yan a 222, Qi kuma ta sallama a 221 kusan ba tare da yaƙi ba. Chu ce ta ba da wuya. Wani matashin kwamanda ya ce mutum 200,000 sun ishe shi, aka fatattako shi, sai da sarki ya je da kansa ya lallashi tsoho Wang Jian, wanda tun farko ya ce ba zai fita da ƙasa da 600,000 ba. A tsakiyar wannan, a 227, wani ɗan aiken Yan mai suna Jing Ke ya ɓoye wuƙa a cikin naɗaɗɗiyar taswira, saura ƙiris ya kashe shi a tsakiyar fada.

Yanzu mu zo kan muhawarar da a ganina ita ce zuciyar amsar tambayarka. A 221, bayan ya ƙirƙiro wa kansa sabon laƙabi, Huangdi, wato sarkin sarakuna, saboda yana ganin "sarki" ya yi masa kaɗan, ya ce shi ne na Farko, ɗansa na Biyu, haka har zuriya 10,000, sai aka zauna a fada kan yadda za a riƙe ƙasar. Waziri Wang Wan ya kawo shawarar da kowane dattijo na lokacin zai kawo: Yan da Qi da Chu sun yi nisa, a naɗa 'ya'yan sarki su zama sarakuna a can, jini ya riƙe jini. Haka daular Zhou ta yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma yawancin fadawa sun goyi baya. Li Si, wanda a lokacin shi ne shugaban shari'a, ya tashi shi kaɗai ya ce a duba yadda ta ƙare da Zhou. Waɗanda aka raba wa ƙasa 'yan'uwa ne, amma jikokinsu da tattaɓa-kunnensu zumunci ya yi nisa, suka koma yaƙar juna kamar ba su taɓa haɗa kaka ba, sarkin Zhou kuma yana kallo ba yadda zai yi. Ya ce a ba 'ya'yan sarki da manyan mayaƙa dukiya daga baitulmali su ci su ƙoshi, amma kada a ba kowa ƙasa da talakawa da mayaƙa. Sarki ya bi Li Si.

Aka raba ƙasa lardi 36, daga baya suka haura 40, kowane lardi da gundumomi a ƙarƙashinsa. A kowane lardi mutum uku ne: gwamna mai harkar mulki, kwamandan soja, da mai sa ido wanda rahotonsa ke tafiya fada kai tsaye. Babu wanda ya gaji kujerarsa, babu wanda zai bar wa ɗansa. Albashi ake biyansu, da hatsi ake lissafa shi, kuma duk shekara sai sun aika da lissafin mutane, gonaki, hatsi da kuɗi. Soja ma ba a motsa shi da baki. Akwai ɗan mutum-mutumin damisa na tagulla da ake tsagawa biyu, rabi a fada, rabi a wurin kwamanda. Wani da aka tono kusa da birnin Xi'an na yanzu, na sarakunan Qin da suka gabace shi, rubutun jikinsa ya ce tara mayaƙa 50 ko fiye sai an haɗa ɓangarorin biyu sun dace. Don kada tsofaffin manya su sake ɗago kai, aka kwaso iyalai 120,000 na masu ƙarfi da dukiya aka zaunar da su a Xianyang inda ido zai kai gare su, aka tattara makaman ƙasashen da aka ci aka narkar, aka ƙera ƙararrawa da manyan mutum-mutumi 12.

Sai daidaita abubuwa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya tarar mudun nan ba ɗaya yake da mudun can ba, ya san rigimar da ke ciki, to ka ƙaddara gwamnatin da harajinta da albashinta da abincin sojanta duk hatsi ne. An ƙera ma'aunai da duwatsun awo na gwamnati aka rarraba, a jikin kowanne an zana umarnin sarki mai harafi 40, kuma an tono irinsu a wurare masu nisan gaske da juna. Kuɗi a da wasu ƙasashen mai siffar wuƙa ne, wasu mai siffar shebur, sai aka ce kowa ya koma na Qin, zagayayyen kuɗin tagulla mai huji mai kusurwa huɗu a tsakiya. Wannan siffa ta zauna har farkon ƙarni na 20, kodayake waɗanda ake tonowa na zamanin Qin nauyinsu ba ɗaya ba ne, alamar cewa umarni daban, abin da ke faruwa a maƙera daban. Har tazarar da ke tsakanin ƙafafun amalanke an ƙayyade, domin a ƙasa mai taushi ta arewacin Sin ƙafafun kan haƙa kwari a hanya, amalanken da faɗinsa ya saɓa ba zai bi ba.

Wanda ya fi duka tasiri shi ne rubutu. Kowace masarauta ta ɗan karkatar da haruffanta, sai aka soke sauran aka tsayar da na Qin. Tun da rubutun Sin harafi ɗaya kalma ɗaya yake wakilta, ba sauti zalla ba, mutum biyu da ba sa jin maganar juna suna iya karanta takarda ɗaya kowa ya furta da harshensa. Har gobe haka abin yake tsakanin mutumin Beijin da mutumin Guangzhou. Daular Rum ma ta haɗa ƙasashe masu faɗi, amma da ta wargaje a yamma ba ta sake haɗuwa ba. Sin ta wargaje sau da dama tana komawa, kuma ina ganin wannan rubutu da tsarin gunduma suna cikin manyan dalilai.

Na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa in suna son ganin Qin da idonsu su bar labarin fada su duba takardun akawu. A 1975 aka buɗe wani kabari a Shuihudi, a lardin Hubei na yanzu, na wani ƙaramin ma'aikacin shari'a mai suna Xi da ya mutu wajen 217. An binne shi da tsagin gora sama da 1,100, akasarinsu dokoki ne da ya yi aiki da su. Abin da ke ciki yana ba da mamaki saboda ƙanƙantarsa. Idan aka yi ruwa, gunduma ta rubuto yawan gonakin da ya jiƙa, haka in fari ne ko fara. Shanun noma na gwamnati ana auna kaurinsu, in sa ya rame mai kiwonsa ya sha bulala gwargwadon abin da ya ragu. Rumbun gwamnati in aka samu ramin babban ɓera uku ko fiye, tarar garkuwa ɗaya, in biyu ne a yi wa mai kula faɗa, kuma ramin ƙaramin ɓera uku daidai yake da na babba ɗaya. Wanda ya saci ganyen da ake ciyar da tsutsar siliki, ko bai kai na kuɗi ɗaya ba, aikin tilas na kwana 30. Amma a cikin takardun nan dai aka gargaɗi mai bincike cewa gano gaskiya ba tare da duka ba shi ne mafi kyau, kuma in ya yi dukan sai ya rubuta a rahoto cewa ya yi. Akwai yadda ake duba gawa, yadda ake auna sawun ɓarawo da ramin da ya haƙa. Mulki ne mai tsanani, da yanke hanci da ƙafa da yi wa fuska tambari, amma ba mulkin ganin dama ba ne. Komai da ma'auninsa.

A wani kabari na kusa aka samu wasiƙu biyu a kan allon katako daga wasu 'yan'uwa, Heifu da Jing, da ke fagen yaƙin Chu wajen 223. Suna gaida mahaifiyarsu, suna roƙo ta aiko da kuɗi da rigunan bazara, in yadi na da araha a gida ta ɗinka, in da tsada ta aiko kuɗin su saya a can. Suna kuma tambaya ko takardar ƙarin muƙamin da suka samu ta iso gida. A wasiƙa ta biyu Jing ya ce ya riga ya ci bashi, in ba a aiko ba zai mutu, ya rubuta "gaggawa" sau uku. Ka ga tsarin Shang Yang daga ƙasa ke nan: talaka na iya hawa da takobinsa, amma rigar da zai yi yaƙin da ita uwarsa ce za ta ɗinka.

A 2002 kuma aka tono wata tsohuwar rijiya a Liye, yammacin Hunan, aka samu takardun katako sama da 36,000 na wata 'yar gunduma ta bakin iyaka mai suna Qianling, daga 222 zuwa 208. Ana rubuta ranar da wasiƙa ta iso, da lokacin bisa agogon ruwa, da sunan wanda ya kawo, da wanda ya buɗe. Akwai takardun da wata gunduma mai nisa ta yi ta aikowa tana bin tarar da ake bin wasu mutanenta da aka tura gadin iyaka. Akwai jadawalin sau na lissafi. Shekara ɗaya bayan faɗuwar Chu, hannun Xianyang ya riga ya kai cikin waɗannan duwatsu.

To me ya kayar da su? Na farko, injin da aka ƙera don yaƙi bai tsaya ba da yaƙi ya ƙare. Talakan da ya zaci zai huta a 221 sai ya ga sabon ɗiba. A 215 aka tura Meng Tian da mutum 300,000 arewa ya kori makiyayan Xiongnu daga yankin Ordos, ya haɗa tsofaffin ganuwoyin Qin da Zhao da Yan ya ƙara sababbi. Wannan ganuwar ta ƙasa ce da duwatsu, tana arewa da wadda masu yawon buɗe ido ke hawa kusa da Beijin, ita waccan ta daular Ming ce, ta zo bayan fiye da shekara 1,500. A kudu aka tura runduna har Guangdong da Guangxi, aka haƙa hanyar ruwa ta Lingqu don kai musu abinci. Aka shimfiɗa manyan hanyoyi daga Xianyang, har da miƙaƙƙiyar hanyar soja mai tsawon kilomita 700 da wani abu zuwa iyakar arewa. Ga sabuwar fadar Epang da ba a gama ba, ga kabarinsa a gindin dutsen Li, waɗanda masanin tarihi Sima Qian ya ce mutum 700,000 ne suka yi aikinsu. Sojojin yumɓun da ka gani wani ɓangare ne na wannan kabari. Manoma masu haƙa rijiya ne suka ci karo da su a 1974, ana ƙiyasta sun kai 8,000, kuma a jikin wasu makamansu an zana sunan maƙerin da na shugabansa don a san wanda za a kama in aiki ya ɓaci. Ɗakin da gawar take har yau ba a buɗe ba, sai dai gwajin ƙasar tudun ya nuna zaiba mai yawa, abin da ya yi daidai da labarin Sima Qian cewa an zana koguna da teku da zaiba a ciki.

Na biyu, dokar da mutanen Qin suka yi shekara 130 suna sabawa da ita, an ɗora wa mutanen gabas ita dare ɗaya. Mutumin Chu ko Qi yana da sarakunansa da al'adunsa da yake kewa, kuma ma'aikacin da aka turo masa baƙo ne. Ba banza ba da tawaye ya tashi daga tsofaffin ƙasashen gabas ya tashi, musamman Chu, tsohuwar ƙasar Qin kuwa ba ta motsa ba.

Maganar littattafai ta samo asali ne daga waccan muhawarar ta 221. A wata walima a 213 wani malami, Chunyu Yue, ya sake ta da zancen raba ƙasa ga 'ya'yan sarki, yana kafa hujja da magabata. Li Si, yanzu waziri, ya ce matsalar ita ce masu amfani da jiya suna sukar yau. Aka ba da umarni a ƙone tarihin sauran masarautu, da tsofaffin littattafan waƙoƙi da na jawaban sarakunan da, da rubuce-rubucen mazhabobi, duk wanda ke hannun jama'a, cikin kwana 30. An bar na magani, na duba da na noma, kuma malaman fada sun riƙe nasu kofe. Babbar asarar ita ce tarihin masarautun nan, don ba su da kofe da yawa. Sauran kuwa mutane sun ɓoye, wani malami Fu Sheng a cikin bangon gidansa ya saka nasa, kuma wutar da madugun 'yan tawaye Xiang Yu ya cinna wa fadar Xianyang a 206 mai yiwuwa ta ci abin da ya kai na Li Si ko ya fi. Kashe mutum 460 a 212 ya biyo bayan gudun wasu masu nema masa maganin dawwama ne, waɗanda suka ci kuɗinsa suka zage shi suka tsere. Da alama da yawa cikin waɗanda aka kashe irin waɗannan ne, ba duka almajiran Konfushiyas, babban malamin hikima na ƙasar Sin, ba, kuma masana na jayayya kan ko da rai aka binne su. Ka tuna kusan duk wannan daga alƙalamin Sima Qian ya fito, wanda ya rubuta bayan kusan shekara 100 a ƙarƙashin daular Han da ta gaji Qin (ba masarautar Han da aka ci a 230 ba), daular da halaccinta ya dogara ga cewa Qin ta cancanci faɗuwa. Ban ce ƙarya ya yi ba, mutum ne mai bincike sosai. Amma labari ne daga bakin magajin abokin gaba.

Na uku, kuma shi ne ya yanke igiyar, komai a wuyan mutum ɗaya yake rataye. An ce auna takardun da zai karanta yake yi da sikeli, kusan kilo 30 na gora a yini, ba ya kwanciya sai ya gama. Bai naɗa magaji ba, don ba ya son a yi zancen mutuwa a gabansa. Babban ɗansa Fusu, da ya yi masa nasiha kan kashe-kashen 212, sai ya tura shi iyakar arewa wurin Meng Tian. A 210, a rangadinsa na biyar, ya mutu a Shaqiu yana da shekara 49, nesa da gida, cikin zafi. Bisa labarin Sima Qian, Li Si da Zhao Gao, bafaden da ke riƙe da hatimi, da ƙaramin ɗa Huhai suka ɓoye mutuwar, suka ci gaba da kai abinci keken sarki, suka jera amalanken busasshen kifi don ya rufe warin gawa, suka ƙirƙiri wasiƙar da ta umarci Fusu ya kashe kansa, shi kuma ya bi umarnin. Wani tsohon rubutu na zamanin Han da ya fito a farkon ƙarni na 21 ya ce sarkin da kansa ya amince da Huhai kafin ya cika. Ko wanne ne, Huhai ya hau, ya kashe 'yan'uwansa maza da mata, aka kawar da Meng Tian, a 208 Zhao Gao ya sa aka datse Li Si biyu a kasuwar Xianyang. Zhao Gao ya kai ga kawo barewa fada ya ce doki ce, don ya ga wanda zai musa.

A daminar 209 wasu mutum 900 da ake kai wa gadin iyaka ruwa ya tsare su a Dazexiang. Shugabanninsu, Chen Sheng da Wu Guang, suka ce makara hukuncinta kisa ne, in dai mutuwa ce gara a mutu ana neman mulki. Dokar aikin tilas da aka samu a Shuihudi ba ta ce haka ba: makarar kwana 3 zuwa 5 faɗa ne, 6 zuwa 10 tarar garkuwa, fiye da haka tarar sulke, ruwan sama kuma uzuri ne. Wataƙila dokar soja ta fi wannan tsanani, wataƙila Huhai ya ƙara gishiri. Abin lura shi ne mutum 900 sun gaskata cewa za a kashe su, kuma cikin 'yan watanni gabas duk ta kama da wuta. Sai da gwamnati ta 'yanta fursunonin da ke aikin kabari ta ba su makamai. Xiang Yu, jikan kwamandan Chu da Wang Jian ya kayar, ya karya rundunar Qin a Julu a 207, aka tilasta wa Huhai kashe kansa, magajinsa Ziying ya yi kwana 46 ya miƙa wuya ga Liu Bang.

Shi Liu Bang ɗin wane ne? Ƙaramin ma'aikacin Qin, shugaban wani ofishin tsaro na karkara, wanda aka ba shi fursunoni ya kai aikin kabari suka yi ta zullewa a hanya, ya ga ba makawa ya saki sauran ya shiga daji. Abokinsa Xiao He akawu ne a gundumar Pei. Ranar da suka shiga Xianyang, kwamandoji suka ruga ɗakunan zinariya da siliki, Xiao He ya wuce ofishin waziri ya kwashe dokoki, taswirori da rajistar gidaje. Da su Liu Bang ya san yawan mutanen kowane yanki da inda mashigai da rumbuna suke. Xiang Yu kuwa ya gwada komawa tsarin da, ya raba ƙasa ga sarakuna 18, ba a yi shekara ba suka kaure da yaƙi. Liu Bang ya yi nasara ya kafa daular Han a 202, ya ɗauki laƙabin Huangdi. Ya yi wa jama'a alkawarin doka uku kacal, amma dokokin Han na shekarar 186 da aka tono a Zhangjiashan a farkon shekarun 1980, in ka jera su da na Shuihudi, wurare da yawa kusan kalma da kalma ne.

Han ta ɗan raba ƙafa da farko: yamma larduna, gabas masarautu a hannun dangin Liu. Abin da Li Si ya faɗa kuwa sai da ya faru. A 154 sarakuna 7, duk jinin gidan, suka yi tawaye, aka murƙushe su cikin wata uku. A 127 sarki Wu ya ba da umarni duk sarkin da ya mutu a raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa, har masarautun suka zama ba su fi gunduma ba. Bayan shekara kusan 1,000 wani marubucin daular Tang, Liu Zongyuan, ya yi hujja da cewa a faɗuwar Qin talakawa ne suka yi tawaye ba ma'aikata ba, don haka laifin na yadda aka yi mulkin ne ba na tsarin ba. Ya ɗan zarce, tunda Liu Bang da Xiao He ma'aikata ne, kuma kwamandan Qin a kudu, Zhao Tuo, ya ɓalle ya kafa tasa masarautar. Amma a kan babbar maganar ina tare da shi.

Abin da Han ta canza shi ne nauyin kayan. Ta rage harajin gona zuwa kashi 1 cikin 15, daga baya 1 cikin 30. Ta soke dokar hana mallakar littattafai a 191. Sarki Wen ya soke hukuncin yanke gaɓoɓi a 167. Sarki Wu ya naɗa malaman littattafan Konfushiyas guda biyar a fada a 136, ya buɗe makarantar horar da ma'aikata a 124, ta yadda akawun da ke cike rajista irin ta Li Si ya zama sai ya karanci littattafan da Li Si ya sa a ƙone kafin ya samu ci gaba. Laƙabin Huangdi ya ci gaba daga daula zuwa daula har watan Fabrairun 1912 da Puyi, sarkin sarakuna na ƙarshe, ya sauka, gunduma kuwa, da sunanta na zamanin Qin, xian, har yanzu tana cikin matakan mulkin ƙasar Sin.